Kujerar Baba Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Yaya Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar. Ni lafiyata lau, sai dai zuciyata ba daɗi.

Maganar kujerar Baba ce, ta ƙarfen nan mai ƙafa uku da ya dawo da ita gida ranar da aka rufe masaƙarsu. Kin rubuto cewa tun da aka ba 'yan gwangwan ita Inna ta daina zama a tsakar gida, kuma ba ta amsa gaisuwar Sharfaddeen. Yaya, ba laifinsa ba ne. Ni na kira shi lokacin da kushin ɗin da na aiko daga tashar jirgin ruwa ta Nansha suka iso, na ce ya kwashe duk wani tarkace kada ya ba ni kunya gaban baƙi. Ƙanena ne, bai iya yi mini musu ba.

Shekaranjiya na shiga wani shago, sai ga irinta sun fi talatin a jere, duk da tsatsarsu. Wai yanzu masu hali ke sa su a falo, su ake yayi! Na tambayi lauban, mai shagon, ko akwai tsohuwa ta gaske. Ya yi dariya ya ce meyo, babu. Sababbi ne, su suke kankare fentin su zuba musu ruwan gishiri. Na so in saya wa Inna ɗaya, har na zauna a kai. Da na ɗora ƙafata a kan sandar ƙasa sai na ji ta a miƙe sumul. Ta Baba kuwa ta lotsa daidai inda dugadugansa suka yi shekara ashirin da biyu. Na tashi na fita, ko sallama ban yi ba.

Don Allah ki tura a duba wajen 'yan gwangwan. An rubuta 47 da farin fenti a ƙarƙashinta. Na san da wuya ba a narkar da ita ba. Ko an samu ko ba a samu ba, ki karanta wa Inna wannan takarda a gaban Sharfaddeen. Na kira Inna sau uku don in faɗa mata da bakina, ina jin muryarta sai in ɓige da tambayar ƙafa.

Ki gaida Zayyad da Saffana. Inna kuwa, ki bari sai ta gama ji, in ta yarda a gaishe ta.

Ƙanenki,
Ghali