Zanen Jikata Ya Haɗa Ni da Uwargida

Malama, ki taimake ni, yau kwana tara ba a yi mini murmushi a gidana ba.

Ni tsohon mai gyaran keke ne. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma ɗana ke rubuta mini, amma duk abin da ya faru a layinmu shekara hamsin yana kaina, har ranar da aka kafa famfo. Jikata da ke jami'a ta yi ta ɗaukar maganata har ta mai da ita littafin labari. Maimakon ta tsaya nan, sai ta zuba shi a kwamfuta, wai aikin makaranta. Kowace kalma ta zama ɗigo, wadda na fi yawan faɗa ɗigonta ya fi girma, in biyu sun zauna kusa da juna a ja musu zare. Abu ya fito kamar saƙar gizo, ta manna a falo muna ta murna.

Ɗigon "keke" ya kai murfin tukunya. Na wanzamin da kullum muke musu, zare ta ko'ina. Sai uwargida ta ce a nuna mata nata. Malama, ɗan mitsitsi can gefe, zarensa ɗaya tak, ya tafi wurin "kawo". Tun ranar komai ta kawo sai ta dire ta juya.

Na ce na'ura ƙarya take, jikar ta ƙi cire takardar. Ɗana ya ce a cusa "masoyiyata" sau ɗari a sake zanawa. Ni ba na taɓa tarihi. Ki gaya musu ni ke da gaskiya.

Tsoho Mai Keke

Baba, rabin gaskiya gare ka. Na'ura maƙwabtakar kalmomi kawai take ƙirgawa, ba ta san wa ya yi jinyar wa ba. Amma ba ita ta ƙirƙiro "kawo" ba, daga bakinka ta ɗauka, kuma Mama ta sha jin sa tun ba a haifi jikar ba.

Rabu da shawarar ɗanka, Mama za ta gane cushe. Ba a ce ka canza tarihi ba, cike shi za ka yi. Kana shago kana faci, rabin labarin layinku a cikin gida ya faru, ba ka gani ba. Ka fara ba ta haƙuri da bakinka, ba aike ba. Sannan jikarku ta zauna ta ɗauki nata labarin, a sa a littafin. Aikinka ɗaya ne, na kuma san shi zai fi ba ka wuya: in ta fara, ko shekara ta kuskure, kada ka gyara mata.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare.