Ka Maido Mini da Addata

Zuwa ga Bhekani,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran da ban taɓa gani ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta fara ƙina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan addata tana hannunka. Na aiki ƙanwarka Nomcebo, na aiki fasto, na aiki direban motar kifi, ba wanda ya dawo mini da ko ƙotarta. Ka san ban yi boko ba. MaNgubane ce, tsohuwar malamar makaranta, take rubuta mini, kuma na gargaɗe ta kada ta shafa wa maganata zuma.

In ka manta, ni ban manta ba. Shekarar fari ce, masara ta ƙone a gona, na ƙara tsawon shingen kifina har ya toshe ƙofar tsakiyar tafki, wadda kakanni suka ce a bar wa kifi ya fita teku ya hayayyafa. Kai kuma wata uku da sa kakin masu gadin gandun daji, ka shigo ruwa gaban mutanen gari, ka zare adda daga ƙuguna, ka sare abin da na kafa. Kifin da ke cikinka ran nan ma daga shingen ya fito. Na ce ba ni da ɗa. Ka nemi a mayar da kai gandun kudu, ka tafi da addar.

Yanzu shingen yana zubewa. Mai unguwa ya ce in ba a gyara shi kafin babbar cikar ruwa ta watan gobe ba, zai ba ɗan gidan Mthembu wurin, haka al'ada take. Wurin da kakan kakana ya kafa turke. Ba taimako nake roƙo ba, adda nake so in saro itace.

Nomcebo ta matsa sai ta kai ni gandunku ran Asabar, wai in miƙe ƙafa in ga namun daji. Ni da na tsufa ina korar dorina daga gonata. Zan zo don ta riga ta kama mota. Ba wurinka zan zo ba.

Mai addar,
Elifasi Zikhali

Zuwa ga Bhekani,

Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya da iyalinka. Mun iso gida lafiya.

Ba wanda ya gaya mini ka yi furfura. Ba wanda kuma ya gaya mini kai ne za ka ja mu yawon. Wannan makircin ƙanwarka ne. Da ka fito kana gaisawa da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ka iso kaina ka ce sannu Baba, kamar yadda ake ce wa kowane tsoho a tasha. Na ja hula na rufe ido. Na jira ka ƙara wata kalma, kai ma, na sani, ni kake jira.

Na bi ku a baya cikin tukurwa. Na ga kana ɗaga hannu kowa ya yi tsit, jar gada ta ƙetare hanya. Na ga Turawan nan biyu sun kafa madubin hangen nesa a kan mikiya kamar za su aure ta. Ni dai ƙugunka nake kallo. Ƙotar da na sassaƙa tana nan, ka naɗe ta da waya inda ta tsage, bakin kuma ya sha wasi har ya sirance kamar ganyen kaba. Mai ƙin ubansa ba ya kula da adda haka. Na faɗa wa zuciyata wannan, ta ce in yi shiru.

A bakin kogi ka durƙusa kan sawun dorina, ka ce namiji ne, da asuba ya koma ruwa, tunda raɓa ba ta kwanta a ciki ba. Wata mai jar jaka cikin baƙin ta tambayi inda ka koyi haka, ka ce wurin mahaifinka. Ta ce yana da rai? Ka juya kana kallon teku, ka ce, "Yana nan. Ba wanda ya kai shi sanin ruwa."

Allah ya buɗe mini ƙofa har da tagogi. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa sawun nan na mace ne, ba na namiji ba kamar yadda ka faɗa. Mutane suka yi dariya. Ka ce tsohon ya fi ka gaskiya, ka miƙe.

Wurin hawan tudun yashi gwiwa ta ci amanata. Ka miƙo mini hannu. Na karɓi sandan Nomcebo. Ban san dalili ba, kada ka tambaye ni.

A mota, da muka kusa gida, ƙanwarka ta ce jaki ma in ya ga rami yakan juya. Na ce ta bar zagin ubanta. Ta ce ai jakin take yabo.

Na mace ne dai sawun.

Elifasi Zikhali

Zuwa ga ɗana Bhekani,

Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta surukata da jikokina. A gaya mini sunayensu.

Mako uku ba amsa. Na ari addar fasto na saro turaku arba'in, suna jibge a bakin ruwa. Jiya na shiga kafawa. Ina riƙe wannan, wancan yana tafiya da ruwa, har na faɗi, matan da ke wanki suka tsamo ni kamar tsumma. Ɗan gidan Mthembu yana tsaye yana auna wurin da ido. Shinge aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaure. Na san haka tun ran da na aika maka wasiƙar fari.

MaNgubane ta ajiye alƙalami ta ce in faɗi abin da ke raina ko in nemi wani marubucin. To, rubuta. Shekara biyu bayan ka sare shingen, kifi ya dawo tafki har mashin sukar kifi yana gajiya. Tun daga lokacin ni ne nake zagaya ƙofar nan, duk wanda ya matso da turkensa in tsaya masa a kai da masifa. Sun sa mini suna mai gadi marar kaki. Uwarka ta rasu tana roƙona in gaya maka, na ce sai ka maido da adda tukuna. Ka zo jana'izarta ka tsaya can bayan mutane, na gan ka, na kau da kai. Ka yi daidai ran nan a cikin ruwa. Ni ne na ce ba ni da ɗa, kuma ƙarya na yi.

Saura kwana goma sha biyu ruwa ya cika. Addar taka ce, na bar maka. Amma ka kawo ta, da hannun da ke riƙe da ita.

Ka amsa mini, Bhekani. Ko a'a ce, ka rubuto ta, MaNgubane ta karanta mini, in ji da kunnena. Shekara goma sha ɗaya ina magana da ruwa. Kullum da hantsi ina tasha ina jiran motar kudu, kuma gwiwar nan ba ta son tsayuwa.

Ubanka,
Elifasi