Abin da Yaya Lubabatu Ta Ɓoye Mini

Litinin, 14 ga Agusta, 2023

Ƙauyen Kausani na je ɗauko rahoto yau. Mashaƙo ya ɗauke yara biyu a gida ɗaya. Ina yin sallama wata tsohuwa ta ce, "Mai rediyon nan ce, ku shigar da yaran ɗaki." Abin da na zama ke nan. Da an ji muryata sai a ɓoye marar lafiya. Rahoton dai ya fita, editanmu Malam Yahuza har da yabo. Ni ko tuwo na kasa ci.

Laraba, 16 ga Agusta

Na kira Yaya Lubabatu a Dagumawa, na ce ta ba ni 'yarta Afra mu gaisa. Wai barci take. Da rana tsaka? Yarinyar da ke warce waya tun ba a gama sallama ba. Raina bai kwanta ba.

Juma'a, 18 ga Agusta

Ranar kasuwa, motoci sun cushe a gada, na hau babur na tafi ba tare da na sanar da Yaya ba. Afra na kwance, wuya a kumbure, numfashi na fita da ƙyar. Wai belu ne, gobe wanzami zai zo ya cire.

Na ce Yaya, ba ni nake faɗa kullum a rediyo kada a taɓa maƙogwaron yaro ba? Ta ce ai shi ya sa. "Tsoro na ji ki saka ta a labarai, mutane su daina shigowa gidanmu." Ni ƙanwarta, ciki ɗaya. Wallahi gara a ce marina ta yi.

Ban tsaya musu ba, na saɓi Afra sai asibiti.

Asabar, 19 ga Agusta

Mashaƙo ne. An keɓe ta, an yi mata allura. Likita ya ce mu yi addu'a. Na kasa zama, na kasa tafiya, sai zagaye baranda.

Talata, 22 ga Agusta

Afra ta haɗiye kunu. Ta hango ni ta taga, ta miƙo hannu, wayar take so. Alhamdulillahi.

Malam Yahuza ya kira, wai tunda ina cikin asibitin in naɗo muryar wata uwa don shirin yamma. Uwar da ke kusa da ni Yaya ce, tana gyangyaɗi a kan tabarma, ta ɗora kai a kafaɗata. Na ce masa batirin rikoda ya mutu.

Rikodar tana cikin jaka, cike da caji. Ina jin gobe ma batirin zai mutu.