Gamsuwar da Aka Auna a Ƙofar Gidan Dagaci

Zuwa ga Shehin Malami, masanin tattalin arziki, wanda ya binciki ra'ayin manoma kan rabon takin gwamnati.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sanyin ofis.

Ni manomin masara ne a wani ƙauye kusa da Gozaki. A rediyo na ji kana bayanin cewa bincikenka ya gano mun gamsu da yadda ake rabon taki, har ka shawarci gwamnati ta ci gaba a haka. Na gode da ka sanar da ni, don ni kaina ban san na gamsu ba.

Na ɗaya, ina nan ranar da ɗalibanka suka zo. Ba su taka gona ko ɗaya ba, wataƙila don tausayin takalmansu. A ƙofar gidan dagaci aka shimfiɗa mana tabarmi. Shi dagacin, wanda ta hannunsa takin ke bi, ya hakimce a kujera yana kallon bakin kowa. A nan aka tambaye mu ko ana adalci a rabo.

Na biyu, wanda ya fara amsawa Alhaji Mamman ne, uban matata, dattijon da ciwon gwiwa ya raba da fartanya tuntuni. Ya ce gwamnati ta kyauta, Allah Ya saka mata. To, Malam, a wane gari ake ƙaryata suruki a bainar jama'a? Ni ko ruwa ba na sha a gabansa. Sauran na kan tabarma kuwa daga ƙannensa sai 'ya'yansa sai mu surukai. Muka sunkuyar da kai, ɗalibanka suka rubuta cewa gari ya amince, suka ci dambu suka tafi.

Na uku, ga abin da ba a tambaye ni ba. Takin bara sai da masara ta yi goyo ya iso, ihu bayan hari. Gonar da nake nomawa ta gado ce, kuma 'yan'uwana da ke Funtua sun daɗe suna cewa a sayar a raba. Da kyar na roƙe su damina guda, na ce masu bincike sun zo, za a gyara. Sai ga muryarka a rediyon shagon yayana, Alhaji Sale. Ya kira ni ya ce tunda masani ya ce lafiya lau, ashe rashin amfanin gonar lalacina ne. Wallahi maganar ta yi mini ciwo. Har dillali ya zo ya zaga iyakar gonar, ya tsaya yana yaba ɗorawar da mahaifinmu ya bari.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka dawo da kanka, ka tambayi kowa shi kaɗai a gonarsa, sannan ka koma rediyon ka faɗi abin da ka ji. Yayana ba ya jin maganata, taka yake ji.

Allah Ya ƙara maka ilimi da ɗaukaka, Ya kuma tsare ka daga ranar da za a tambayi ra'ayinka kan shugaban jami'arku yana zaune a gabanka.

In sai bayan girbi za ka samu sarari, kada ka wahala wajen nemana a gonar. Ka tambayi sabon mai ita.

Wassalam, naka cikin ladabi,
Isiyaku, manomi har zuwa kakar bana.