Kwandon Gwaggo Hajo da Ba a Kira Sunansa Ba

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Zuriyarmu, Yaya Alhaji Sani, Gwandu.

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya karɓi ibadunmu, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da wannan zuriya.

Ni ne ƙanenka Umaru, magatakardan ƙungiya. Na so mu yi wannan magana mu biyu. Na je gidanka sau biyu, aka ce ka tafi Birnin Kebbi. Daga baya na ga abin a gaban jama'a ya faru, don haka gara a gyara shi a gaban jama'a, shi ya sa na sa wasiƙar a zauren zumuncinmu na waya. Na rubuta ta na yage har sau uku, saboda ban tabbata ni ne ya dace in yi magana ba. Za ka ga dalili.

Ka san ina da littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina sakandare. Daga ciki na ɗauko abin da zan faɗa, don kada in ƙara ko in rage.

1. A zaman da muka yi ana saura mako guda azumi, kwamiti ya yanke cewa bana duk mai son yi wa dattawa barka da Sallah a taron zumunci zai sayi jakar ƙungiya, wadda aka buga wa sunan kakanmu. Kowace jaka da taliya, suga, madarar gwangwani, lemon kwali da sinadarin ɗanɗano. Aka ce haka ya fi tsari, kuma ya fi kyau a hoto. Aka ƙara da cewa za a karanta sunan masu jaka a lasifika. Ni na rubuta wannan shawara da hannuna. A littafina na wannan rana na rubuta cewa raina bai kwanta ba, amma a wurin zaman ban ce komai ba.

2. Babu wanda ya aika garin Diggi ya sanar da Gwaggo Hajo. Ita kaɗai ce gwaggon da ta rage mana, ba ta cikin zauren waya, kuma aikin magatakarda ne ya sanar da ita. Na manta.

3. Ranar biyu ga Sallah ta iso Gwandu da hantsi, ta sauko daga motar haya da kwandonta, kamar yadda ta saba tun ina yaro. Ta nufi teburin da aka jera jakunkuna. 'Yan kwamiti biyu suka tare ta da ladabi, suka ce ta ajiye kwandon bayan rumfa tukuna, mai hoto yana aiki. Ta ajiye. Ni ina riƙe da lasifika, na karanta sunaye daga farkon takarda zuwa ƙarshe, ana tafi. Sunanta ba ya ciki, tunda ba ta sayi jaka ba. Na gan ta zaune a gefen tabarmar mata tana sauraro, tana gyara mayafi duk lokacin da na ja numfashi. Da na kai ƙarshen takarda ina iya cewa, sai kuma Gwaggo Hajo daga Diggi. Wa zai hana ni? Na naɗe takardar na zauna. Kafin La'asar ta ɗauki kwandonta, ɗaure yadda ta zo da shi, ta koma tasha.

Yaya Alhaji, ba na cewa ka yi nufin wulaƙanta ta. Na san tsarin daga zuciya mai kyau ya fito, kuma na san akwai gidajen da taliyar nan ta yi musu rana. Laifina a cikin wannan ya fi naka. Amma ina so ka san abin da ke cikin kwandon.

Bayan mako guda na hau babur na je Diggi. Ta karɓe ni, ta ba ni fura, ba ta ɗago maganar ba sai da na ɗago. Sannan ta jawo kwandon ta kwance, ta riƙa ciro kaya tana faɗa mini na wane ne. Akwai mafici na kaba da ta saƙa wa Kawu Bello, wanda idanunsa suka tafi, ta naɗe mariƙinsa da fata mai kaushi don ya gane nasa da taɓawa. Akwai ƙullin busasshen zogale da daddawa na Malam Isa, saboda ta ji likita ya hana shi suga da sinadarin miya. Akwai man kaɗe a ƙaramin gwangwani na Inna Kulu mai ciwon gwiwa, amma shi rana ta narkar da shi a bayan rumfa, rabi ya tsiyaye. Akwai kifin da ta busar ta dake ya zama gari, na Baba Manu, wanda ba shi da haƙoran tauna. Akwai naka ma: yajin daddawa marar zafi sosai, ta ce tun kana ƙarami barkono ke sa ka shaƙuwa.

Na kai wa kowa nasa washegari. A gidan Malam Isa na ga jakunkunan ƙungiya uku a jingine a lungu, ba a taɓa sugan ba. Kawu Bello ya shafa mariƙin maficin, kafin in ce komai ya kira sunanta, ya tambaye ni ko rashin lafiya ya hana ta zuwa bana. Ban iya gaya masa tana zaune taku kaɗan daga inda yake ba. Naka yana wurin Hajiya uwargidanka, ban sani ba ko ta gaya maka daga inda ya fito.

Na daɗe ina tunanin wannan. Ban ƙi kayan kanti ba, ni ma ina saye. Amma jakar nan ba ta san wanda za a ba ba. Wanda ya saya bai buƙaci ya tuna ko dattijo yana da haƙori, ko yana gani, ko me likita ya hana shi ba. Gwaggo kuwa tun kaka take tara kayanta, tana tambayar masu zuwa kasuwa labarin jikin kowa. Mu kuma muka sa lasifika a kan abin da aka saya, muka tura wanda aka yi da hannu bayan rumfa. Na kuma lura mutum huɗu daga Kalgo da Wurogauri ba su zo ba bana. Ban tambaye su dalili ba, kuma ba zan yi musu ƙarya ba. Na dai san ba su taɓa fashi ba sai shekarar da aka fara kiran suna.

Ga abin da ya sa ban iya yin shiru ba. Da zan taso daga Diggi na ce mata sai mun gan ta a Babbar Sallah. Ta ce, "Ba fushi nika yi ba, Umaru. Na dai gane ba irin kayana aka so ba yanzu. In na taho, kunya nika ba ku gaban baƙi." Ta faɗa tana murmushi, kuma wannan ya fi damuna, domin da gaske take. Matar nan ta haura saba'in. Ban san Sallah nawa ta rage mana tare da ita ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku.

Na farko, a daina karanta sunan masu kyauta a lasifika. Idan kwamiti ya ga dole a ci gaba, ina neman a ba wani takardar, ni ba zan sake karantawa ba.

Na biyu, jaka ta zama ganin dama. Mai hali ya saya, Allah ya ƙara masa. Mai daddawa ya kawo daddawa, mai tabarma ya kawo tabarma, wanda ba shi da komai ya kawo kansa, kowa ya miƙa wa dattijonsa hannu da hannu.

Na uku shi ne babba. Ni na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba za ta zo don maganata ba, ni ɗanta ne kawai da ya yi kuskure. Kai ne bakin zuriya. Ina roƙon ka sa rana kafin watan Layya ya kama, mu je Diggi tare, ka gaya mata da bakinka cewa ana jiran ta. A bayan ɗakinta na ga kaba da ta rina ta shanya. Ban tambaye ta na wa za ta saƙa ba, na ji tsoron amsar.

Idan na yi kuskure a wani wuri, a gyara mini a nan inda kowa zai gani. Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jagoranci, ya jiƙan iyayenmu, ya bar mu da waɗanda suka rage.

Wassalam.

Ƙanenka,
Umaru, Magatakarda.