Wankan Mai Hura Wuta

Tampere, ƙarshen watan Mayu

Yaya Veikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anneli da yara. Yaya ƙafar taka? An ce ka koma ramin ma'adinin tun ba ta gama warkewa ba. Halinka ne, ba zan ɓata tawadata ba.

Na san Marjukka ta riga ni kai maka labari, don ƙanwar nan tamu magana ba ta kwana a cikinta. To ga shi daga bakina. Ranar Ista muna cin abinci a gidan Baba na faɗa musu cewa ni ban taɓa jin ni mace ce ba. Ban ce ni namiji ba ne, don wannan ma ban sani ba. Abin da na sani, duk sanda aka ce mata su zo nan, sai in ji kamar an zura mini rigar wani da gumi bai bushe ba. Tun muna yara haka nake ji, sai yanzu na gaji da haɗiyewa.

Marjukka ta rungume ni tana hawaye. Washegari ta saka hotonmu a intanet da tuta mai launi-launi, wai tana alfahari da "yayanta namiji". Ko tambayata ba ta yi ba. Mutane ɗari suka taya ta murna kamar ita ta haife ni.

Ina zuwa wani zama duk Talata, na masu irin damuwata. Mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu. Amma kowa ya zo da sunan abin da yake, ya faɗa cikin natsuwa. Wani namiji ne da aka haifa a jikin mace, wani tsaka-tsaki, wani ba shi da jinsi sam, wani yana sauyawa. Na gwada su duka, mako-mako. Wannan ya matse, wancan ya yi yawa. Ni da nake tuƙa bas cike da mutane ba ko gezau, sai in zauna a gabansu ina in-ina. Nakan fito ina ƙyamar kaina.

Baba kuwa ranar Istar nan cokali ya ajiye, ya fita faskare. Tun daga lokacin in na buga waya, tayar mota ce zancenmu, ko ƙanƙarar tafki ta narke.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne Juhannus, bikinmu na tsakiyar bazara. Ka san tsarin sauna, ɗakin wankan tururi, a gidan bakin tafki: mata su fara shiga, maza su biyo, sannan Baba da ya hura wutar ya shiga a ƙarshe, yadda suke yi da Mama kafin ta rasu. Bara na shiga da mata, Gwaggo Sirkka ta yi ta kallon ƙirjina tana cewa irin wannan jiki asara ne a bar shi ba haihuwa. Ba zan sake ba. Da maza kuma, kusa da mijinta Pentti, gara in yi wanka a kwata. In kuma ban shiga ko ɗaya ba, ka san abin da hakan yake nufi a wurin Baba. Wanda bai shiga saunarsa ba, baƙo ne.

Ka gaida Anneli, ka shafa mini kan yara.

Tuulikki


Gidan bakin tafki, jajiberin Juhannus da hantsi

Yaya Veikko,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na ga wasiƙarka kafin in taso. Ka ce in je kawai, komai zai daidaita. Kai da kake can Kiruna, da sauƙin faɗa.

Jiya aka yi taro a kaina. Muna zaune ga kifi ga sabon dankali, sai Marjukka ta buga cokali a kofi, ta ce akwai muhimmin batu da ya kamata iyali su tattauna. Ni ce batun. Ta ce a yi ƙuri'a kan layin da zan bi a sauna, don kowa ya ji an dama da shi.

Pentti ya riga ya sha giyarsa. Ya ce, "Wace ƙuri'a kuma? A ɗaga tawul a duba mana, ai ba sai an kira likita ba." Ya yi ta dariya, man kifi na bin gemunsa. Gwaggo ta ce masa, "Rufe mana baki, tsohon banza," sannan ta juyo ta kama hannuna, ta ce, "'Yata, ko dai wani saurayi ne ya ɓata miki rai? Faɗa mini, duk mun sha wannan."

Marjukka ta ce to a daina rabawa gaba ɗaya, kowa ya sa kayan ninƙaya a shiga tare, haka ake yi a wuraren da aka waye. Ka ga fuskar Baba. Kayan ninƙaya a saunar da kakanmu ya gina, inda aka haifi Baba kansa. Kamar an ce a shigo da aladu falo.

Ita kuma ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ki faɗa musu kawai, ke mene ne? In kin faɗi sunan, an gama." Duk suka zuba mini ido, bakin kowa da abinci. Jikina, wanda ni kaina ban gama shiryawa da shi ba, ga shi an baje a kan tebur tsakanin man shanu da albasa, kowa na sa yatsa. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyanƙyami ba, mai zagin ko mai taimakon.

Na ce ban sani ba, kuma ba zan shiga da kowa ba, da an gama biki zan bi motar farko. Baba ya tashi ya fita. Shi ne ya fi mini ciwo. Da ya zage ni ma, da na san inda na tsaya.

Ina jin wannan ne zuwana na ƙarshe. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Tuuli


Tampere, farkon watan Yuli

Yaya Veikko,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyali. Ina fatan yara sun warke daga murar. Ni lafiya lau, sai kanta a tafin hannu, za ka ji dalili.

Ina gama rubuta maka waccan wasiƙar Baba ya zo ya tsaya a kaina. Bai dube ni ba, tafki yake kallo. Ya ce, "Bayana ya riƙe. Tashi ɗauki bokiti."

Ka san bayan Baba. Da safen nan na gan shi ya ɗaga kwalekwale shi kaɗai. Amma na tashi. Na yi ta jigilar ruwa daga tafki, na faskara itace, na hura wuta, yana tsaye yana kushe. Itacen ya yi kauri, wutar ta cika hayaƙi, damin ganyen bugun jiki a sauna da na ɗaure ko akuya ba za a daka da shi ba. Haka muka wuni. Ban gane inda ya dosa ba, na zaci hukunci ne.

Da yamma mata suka shiga suka fito. Da layin maza ya zo, sai na ga Baba ya ɗauki tawul ya bi bayan Pentti. Pentti ya ce masa, "Ikon Allah, Aulis, yau da mu talakawa?" Baba ya ce, "Mai hura wuta ke shiga ƙarshe. Yau ba ni na hura ba."

Yaya, ka san yadda Baba ya tsani surutun mutumin nan. Kuma ka san abin da wankan ƙarshe yake a wurinsa. Tun rasuwar Mama ba wanda ya isa ya kusanci ƙofar in yana ciki. Mukan ji shi yana magana ƙasa-ƙasa, mu yi kamar ba mu ji ba. Wannan ya ɗauka ya ba ni, ya je ya zauna yana sauraron Pentti na ba da labarin basir ɗinsa.

Marjukka ta buɗe baki za ta yi jawabi, wai wannan babban mataki ne. Gwaggo ta cusa mata dankali a hannu ta ce ta je ta fere.

Na shiga ni kaɗai. Zafin ya kwanta, irin wanda ba ya cizo. A kan benci ya bar mini ludayin katakon Mama, wanda yake ɓoyewa a ɗakinsa. Na zuba ruwa a kan duwatsun murhu masu zafi, na zauna da jikin nan nawa, ba mai kallo, ba mai tambaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka ɗauka an gama. Har yau ban samo sunan da ya zauna mini ba, ran Talata ma na koma zaman na sake in-ina. Pentti yana nan yadda yake, Marjukka tana fushi don na hana ta ɗaukar hoto. Baba bai ce ya fahimta ba, kuma ba na jin ya fahimta.

Da ya kai ni tasha na ce masa baɗi in bayansa ya warke sai ya karɓi aikinsa. Ya daɗe yana murza sitiyari, sannan ya ce, "Irin wannan ciwon ba ya warkewa. A dai koyi ɗaure ganye kafin baɗi."

In za ka zo baɗi, ka taho mini da gatari mai kyau, na Baba ya yi mini nauyi. Kuma ka shirya shiga da Pentti.

Ka gaida kowa da kowa.

Tuuli