Garmar Abel

Lahadi, 11 ga Yuni, 2006

Abel ya koma golmo a gonar Baba Japhet, uban Magdalene. Tsohon ya ce ko an yi baiko a coci, sai saurayi ya yi masa noma kafin ya ba da 'ya, kamar yadda aka yi wa kakanni. Ni dai daɗi na ji. Na ɗauko garmar marigayi mijina Sila daga bayan rumbu na ba shi. Da ya saɓa ta a kafaɗa, sai na ga ubansa sak, har da wannan tafiyar ta karkace.

Laraba, 21 ga Yuni

Na kai musu kunu gona. Abel sai ya yi noma kaɗan ya ajiye garma ya ruga bayan duwatsu, ya dawo yana murmushin dole. Abokansa na ta yi masa tsiya. Na yi dariya har da hawaye, don Sila ma haka ya yi a gonar babana. Ƙannena suka sa masa suna Mai Gudu. Shekarun golmonsa duka cikinsa na murɗa, bai taɓa cewa wash ba. Wannan labarin na ba 'yan matan coci ya fi a ƙirga. Namiji ke nan, nake ce musu.

Asabar, 8 ga Yuli

Jini a wandon Abel, wajen wanki. Ya ce basir ne. Na jiƙa masa sassaƙen maɗaci irin wanda uwar Sila ke yi.

Talata, 18 ga Yuli

Ya sha maganin atuni na kemis ya sake sha, shiru. Wandon da ya ɗinka da Ista yanzu sai da igiya. Fadima maƙwabciyata, wadda take nas, ta tare ni bakin rijiya ba ko gaisuwar kirki. "Maman Abel, gudawa da jini tun kafin shuka, ki ce mini basir? Ki kai shi a duba hanjinsa tun da sauran ƙarfi." Na ce yaron na tsakiyar golmo, in ya ajiye garma yanzu me Baba Japhet zai ce? Ta ce, "To ki tambayi Baba Japhet ko gawa zai aura wa 'yarsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Bakin Fadima ba linzami. Amma dai zan kai shi asibitinmu.

Alhamis, 3 ga Agusta

Sakkwato. A asibitinmu ba su ga ƙwayar atuni ba, suka turo mu nan. An leƙa hanjin Abel da wani siririn bututu mai fitila. Likita ya ce kumburi ne mai daɗewa a babban hanji, ya yi ƙananan gyambuna, su ke zubar da jini. Ba basir ba, ba sammu ba, ba kuma abin da ya ci ba. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma magani na kwantar da shi, kuma mun zo da wuri. Sai ya ce, "Mama, akwai wanda ya yi irin wannan a gidan?"

Nan take na tuno Sila a shekararsa ta ƙarshe, kan tabarma, hannunsa kamar kara, yana ce mini basir ne kawai, Hannah, kar ki tara mini mutane.

Litinin, 14 ga Agusta

Na je wurin Baba Japhet da ƙafata, na durƙusa. Na faɗa masa komai, har da jinin. Ya ce shi bai taɓa jin an ajiye golmo don ciwon ciki ba. Magdalene ta leƙo daga madafa ta ce, "Baba, ni mijin nake so, ba dawar ba." Ya daka mata tsawa, amma da zan tafi ya ce abokan Abel su ƙarasa noman bana.

Talata, 12 ga Satumba

Jinin ya tsaya. Ƙwayoyin sun mai da fitsarinsa ruwan ɗorawa, likita ya riga ya ce kar mu tsorata. Yau ya nemi ƙarin tuwo. Har yanzu yana jin kunyar fita.

Juma'a, 22 ga Disamba

Kumatunsa sun dawo. Biki sai bayan Ista. Mun kai wa Fadima kaza, ta ce ba za ta karɓa ba, ta karɓa.

Wajen koyon waƙar Kirsimeti 'yan mata suka ce, Mama, ba mu labarin Mai Gudu. Na ba su, da kunun, da duwatsun, da tsiyar ƙannena, suka yi dariya. Da na zo wurin bai taɓa cewa wash ba, ƙaramarsu, Goodness, ta riga ni: "Namiji ke nan!" Na ce ta yi mini shiru, mu koma waƙa.

Garmar tana bayan rumbu. Ina ma Sila ya ce wash ɗin nan ko sau ɗaya.